Kunnen Celestine Mai-faifai

Faɗanmu na farko da Celestine a kan lasifika ne, shekarar da Naira ta fito. Ina zaune gaban tandata a Sabon Gari ina juya waina, ladan ya kira azahar, shi kuwa bawan Allahn nan ya saki kiɗa kamar ana bikin aljanu, ya juya baya yana goge faifai da ƙyalle. Na kira shi sau uku bai waiwayo ba. Sai na tashi da cokali a hannu, na shiga har cikin shagon, na tsaya a gabansa.

"Kai Mai-faifai, wa ka raina, ni ko ladan?"

Ya zuba wa bakina ido kamar mai jiran goro ya faɗo daga ciki. "Inna, an kira salla ne?"

"A'a, kakarka ce ke guɗa."

Ya yi dariya, ya kashe kiɗan, ya ba ni haƙuri. Daga ranar bai sake ba. Da na miƙa hannu ga buta sai kiɗa ya mutu. Na koma Fagge ina cika baki wa matan gidanmu, wai na koya wa mutumin Sabon Gari ladabi.

A Kano aka haife shi, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Hausa kuwa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu daɗi. Shekarar tashin hankali suka gudu Gabas. Da yaƙin basasa ya ƙare ya dawo da matarsa Obiageli, da akwatin ƙarfe guda, da tabo a bayan kunnen hagu. Bai taɓa ba ni labarin tabon ba, ni ma ban tambaya ba. Ya kama shago dab da inda nake suya, ya fara sayar da faifan garmaho.

Sayar da faifai kowa ma ya iya. Abin da Celestine ya fi mutane shi ne sanin wanda zai tashi tun bai tashi ba. Faifan manyan mawaƙa yana can a jibge, ba ya ko tallarsa. Amma a kawo na waɗansu samari da ko a unguwarsu ba a san su ba, sai ka ga ya rikice. Kowace Asabar yakan rubuta sunan sabuwar ƙungiya guda a allo da alli ya jingina bakin ƙofa. Ni ban san baƙi ba, amma na san in allon ya fito, kafin la'asar layin ya cika, ni ma ƙulluna ya ƙare da wuri.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa. Masinja ya sayi babur, akawu ya sayi rediyo mai faifai da ta fi gadonsa tsawo. Kowane otal na son makaɗa, kowane saurayin da ya sami jita ya tara abokai sun zama ƙungiya. Masu otal sai su zo wajen Celestine su ce, "Wa za mu ɗauka?" In ya ce wane, magana ta ƙare. Samari kuwa har layi suke yi da kayan kiɗansu don ya saurare su.

Abin da na lura, ba ya sauraron kowa a cikin shago. Wai ciki da zafi. Sai ya sa su jera a rumfa, gefen tandata, shi ya zauna a benci yana fuskantata da waina a faranti. Sabon faifai ma in ya zo, lasifikar wajena yake juyowa. Nakan ce, "Mai-faifai, hayaƙina kake so ko kunnena kake son kashewa?" Ya ce, "Wainarki ce, Inna Yakaka, ba ta ciwuwa sai ana kallon mai yi."

Ina da wata ɗabi'a tun ina yarinya. In kiɗa ya shige ni, cokalina sai ya riƙa buga bakin tanda ba da sanina ba. In kiɗan banza ne, hannuna aikinsa kawai yake. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, mijina Malam Abdulmuminu maɗinki ya rasu. Zazzaɓin kwana huɗu. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, ba ado, ba Sabon Gari. Tandata ta yi sanyi a kusurwar ɗaki.

Celestine da Obiageli sun zo gaisuwa ranar uku tare da jama'a. Bayan kamar wata biyu sai ga shi ya sake zuwa shi kaɗai, da hantsi. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni na zauna bayan labule ta ƙofar cikin gida, yadda mai takaba ke yi in baƙo namiji ne.

Ya ce, "Inna, ya ƙarin haƙuri?"

Na ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Har yau in na ji ƙarar keken ɗinki sai in ɗauka shi ne."

Ya ce, "Lafiya lau, ta ce a gaishe ki."

Na ce, "Na ce in na ji keke sai in tuna Malam."

Ya ce, "E, kasuwa da godiya."

Raina ya ɓaci. Na yaye labulen da niyyar in wanke shi tas, sai na gan shi ya matso har bakin tabarma, ya karkata kai, ya sa tafin hannu bayan kunnen dama, idonsa a kan labulen kamar zai huda shi. Gumi har ya jiƙa masa wuyan riga. Da ya ga fuskata sai ya sauke hannun.

Na ce, "Ba ka ji."

Wannan ya gani a bakina. Ya ce, "Na hagun a yaƙi ya tafi. Na daman ya riƙa bin sa a hankali. Ranar da kika shigo da cokali, tun lokacin kiran salla ba ya isowa gare ni. Butarki nake kallo. Yanzu ko kiɗan ma sai na ɗora hannu a kan lasifika."

"To allon fa? Samarin da kake zaɓa fa?"

"Cokalinki ne, Inna. Shekara biyu ke nan. In ya buga tanda, na rubuta. In bai buga ba, na ce su je su ƙara koyo. Bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Sai ya ciro kaset daga aljihu, da ƙaramar rediyo a cikin jaka. Ya ce akwai waɗansu samari biyar da ke kiran kansu 'Yan Layin Dogo. Sylvester ne mai jita, Salmanu ɗan gidan mahauta ne mai kalangu, sun haɗa kiɗan biyu wuri guda. Wani mutumin kamfanin faifai zai zo daga Ikko ranar Asabar, ya ce Celestine ya zaɓar masa ƙungiya ɗaya tak daga Kano. Ya ce ya dafa kalangun Salmanu yana kaɗawa, jikinsa ya ba shi yaran sun iya, amma yana tsoro. "Waƙa ɗaya kawai, Inna. A hankali zan sa. Ki riƙe ko da tsinke ne a hannu."

Da ina da hankali da na ce ya bar rediyon, in saurara a ƙuryar ɗaki, in aika masa amsa. Amma abin da ya tsaya mini a wuya shi ne shekara biyu ana kallona kamar sikeli ban sani ba. Na ce, "Kabarin mijina bai bushe ba ka kawo mini kiɗa gida? Ashe ba gaisuwa ka zo ba, awo ka zo. Tashi ka ba ni wuri." Na faɗa a hankali, baki buɗe, don kada ko kalma ɗaya ta wuce shi. Na saki labule.

Sauran labarin Obiageli ce ta kawo mini, tana faɗa tana share ido da bakin zane. Ranar Asabar ɗin 'Yan Layin Dogo ya kai wa baƙon, aka yi taron da rana a tsakar gidan wani otal. Celestine ya zauna ya ba makaɗan baya, don ya riƙa ganin bakin baƙon. Ya riga ya haddace bugun kiɗan da hannu, sai yake bi da kai, yana buga gwiwa. Ana tsakiyar waƙa ta biyu wuta ta ɗauke. Jita ta mutu, Salmanu ma ya tsaya. Wuri ya yi tsit. Celestine bai sani ba. Ya ci gaba da kaɗa kai, har ya dafa baƙon ya ce da ƙarfi, "Ka ji wurin nan? Saurari jitar nan da kyau."

Wani ya fara dariya, saura suka ɗauka. Baƙon ya miƙe ya ce bai taho daga Ikko don kurma ya zaɓar masa makaɗa ba. Bai ko jira wuta ta dawo ba.

Kafin sati ya zagayo Sabon Gari duk ta ji. Masu otal ɗin da suka cika aljihu da zaɓinsa su ne suka fi kowa ba da labarin. Samarin da ya taɓa cewa su ƙara koyo suka riƙa wucewa ta gaban shagon suna motsa baki ba murya, suna kaɗa kai. Allon bai sake fitowa ba. 'Yan Layin Dogo suka watse, don ba mai ɗaukar ƙungiyar da kurma ya yaba. Sylvester ya koma tuƙin tifa wajen masu gini, Salmanu ya koma yi wa mahauta kiɗa a bakin kasuwa.

Ranar da na fita takaba na ɗauki tanda na nufi Sabon Gari. Na tarar da shagon a buɗe, kantoci wayam, Obiageli na ɗaure kaya. Ta ce jibi za su bi jirgi su koma garinsu, akwai gonar ubansa. Celestine na ciki ya ba ƙofa baya. Ban shiga ba. Obiageli ta miƙo mini kaset ɗin ta ce, "Ya ce in jefar. Na kasa."

Na ari rediyo wajen maƙwabta, na shiga ɗaki na rufo ƙofa. Ban ɗauki cokali ba, da gangan. Jitar ta fara ita kaɗai, siririya, sai kalangu ya shigo ta ƙarƙashinta yana ba ta amsa, kamar miji da mata da suka daɗe tare suna hira. Ban farga ba sai na ga yatsuna na buga murfin kwano. Na sa ɗaya hannun na danne su. Ƙafata ta ɗauka. A duk shekarun da na yi gefen shagon nan ban ji kamarsa ba. Shi da ba ya ji ya gano su da tafin hannu, ni mai kunne biyu na saki labule.

Ranar tafiyarsu na je tashar jirgi da waina a ƙunshe da cokalina a cikin zane. Na same shi zaune kan akwatin ƙarfen nan da ya zo da shi. Ya gan ni ya sunkuyar da kai. Na ce wa Obiageli ta tashe shi. Na kama hannunsa na ɗora a kan murfin akwatin, ni da ban taɓa riƙe hannun namijin da ba nawa ba, na durƙusa na buga masa kiɗan yaran da cokali, tun daga shigowar kalangu har inda jita ke hawa. 'Yan dako suka tsaya suna kallon tsohuwa ta zautu. Ya gane tun bugu na uku.

Jirgi ya yi kuka, Obiageli ta taɓa kafaɗarsa. Na tsaya a gabansa daidai, na gyara mayafi don kada ya rufe mini baki.

Na ce, "Dubi bakina da kyau, Mai-faifai. Yaran sun iya. Da na saurara ran nan, su zan zaɓa. Ba kai ne ka kasa ji ba, ni ce."