Katakon da Zarton Merle Haugstad Ya Yi Sati Uku Bai Taɓa Ba

Ƙarfe shida da rabi na safe Merle Haugstad yake buɗe rumfar jirage ta filin Kettle Butte, ko rani ne ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Gahawa yake fara ɗorawa. Daga nan sai ya zaga kowane jirgi yana shafa shi da tafin hannu, kamar mai duba doki ko ya kwana lafiya. Idan ka gaishe shi a lokacin ba zai amsa ba. Ba girman kai ba ne, hancinsa ne ke aiki. Ya ce fitsarin ɓera a cikin fiffike da yoyon mai duk da sassafe ake jin warinsu, kafin mutane su cika wuri da surutu.

Shekara arba'in da shida ke nan yana haka. Asabar mai zuwa zai ajiye aiki, kuma za a soya masa fanke a rumfar, kowa ya zo da farantinsa. An ce in rubuta wani abu a jaridar gundumarmu. Na ce musu sun zaɓi wadda ba ta dace ba, don ni Ardis Volk na yi sati uku ina kiran mutumin nan maƙaryaci a zuciyata. Suka ce to wannan ɗin zan rubuta. Daga ka nake rubutawa, in na kuskure wata ko shekara, waɗanda suka gani su gyara.

Duk wanda ya taɓa kai masa jirgi ya san zarton da ke rataye a bayan ƙofa. Dokarsa ɗaya ce: duk kayan da ya ce ya mutu, a ranar zai yanka shi gunduwa-gunduwa a gaban mai shi. Ba ya bari ya kwana. Ya ce kayan da ya lalace in aka bar shi ɗaya, wata rana sai wani ya goge shi, ya yi masa fenti, ya ɗaura wa jirgin da zai ɗauki 'ya'yan wani. Clete Burdick, mai feshin gonaki da jirgi, har yau yana ba da labarin farfelarsa, wadda Merle ya gano tsaga a jikinta ana tsakiyar feshin alkama.

"Kai tsoho, tsagar nan ko silin gashi ba ta kai ba!" in ji Clete.

Merle ya ce, "To riƙe min nan, silin gashin zan nuna maka."

Clete ya riƙe, Merle ya sa zarto. Da ta rabu biyu aka ga cikinta ya yi baƙi ya ruɓe. Rabin farfelar yana nan a falon Clete.

Mijina Delbert, wanda kowa ke kira Del, ya rasu kaka uku da suka wuce. Muna da jirgi a da, ƙarami mai kujera biyu, ruwan ɗorawa, irin wanda ake lulluɓe fukafukansa da yadi. A hunturun 1984 ni da shi muka sake masa yadi a wannan rumfar. Ni na yi ɗinkin. Kafin a rufe fiffike, al'ada ce waɗanda suka yi aikin su rubuta sunansu da fensir a jikin dogon katakon da ke ciki, wanda shi ne ƙashin bayan fiffiken. A na hagu muka rubuta: Del da Ardis, da kwanan wata.

Shekara biyar bayan haka, ba shawara, ba sallama, Del ya kwance fukafukan, ya ɗora jirgin a tirela ya tafi da shi yamma. Ya dawo hannu wofi. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Na gaji da shi." Mutumin da ke barin abinci a faranti in ya ji ƙarar jirgi a sama! Na tambaya har na gaji, bai ƙara ko kalma ba, bai kuma sake tuƙa jirgi ba. Na yi zarge-zarge iri-iri a shekarun nan, waɗansu ba zan rubuta su a jarida ba. Aka binne shi ban san dalilin ba.

Wata biyar da rasuwarsa Merle ya buga min waya. Ba gaisuwa.

"Ardis, na ga jirginku."

"Wane jirgi?"

"Jirage nawa kuka taɓa yi? Yana cikin wani rumbu a Montana. Manomin ya rasu, 'ya'yansa sun kira ni in duba musu tarkace. Kaji sun yi shekara talatin suna kwana a kujerarki."

Na sayar da babbar motar Del na biya kuɗin jirgin, Merle ya je da tirela ya ɗauko shi. Da na gan shi, zuciyata ba ta ce komai ba. Fenti ya koɗe, yadi ya yage yana lilo, lambar jikinsa ta goge. Merle ya nuna min ɗan faifan ƙarfe mai lamba da ke manne a ciki, ya ce ga shaida. Na ce to.

A teburin gahawa ne Clete ya jefa min abin da ya hana ni sukuni. Bai yi da mugunta ba, bakinsa ne haka.

"Ke matar Del, faifan nan fa ƙusa huɗu ne ke riƙe da shi. Na san wanda ya sayi faifai kaɗai, ya gina jirgi a kewayensa. Irin naku an yi dubbai, duk ruwan ɗorawa."

"Kana nufin Merle ya cuce ni?"

"Ni ban ce ba. Na ce dai ƙusa huɗu ne."

Ni kuwa ina da shaidar da ta fi faifai. Washegari na je na ce wa Merle ya buɗe min fiffiken hagu in ga sunanmu. Ya riga ya yaye yadin na dama, yana nan tsirara a kan bencin aiki. Na hagu kuwa an jingine shi a bango an lulluɓe da tamfol, har da igiya.

"Ba yau ba," ya ce.

"Yaushe?"

"In na kai gare shi."

"Ai ka kai, ga gefen yadin nan a yanke yana leƙowa."

Ya juya ya ci gaba da wanke wani ƙarfe a cikin kananzir. Mutumin da ke kallon ƙwayar idonka in zai faɗa maka jirginka ya mutu, ranar ƙasa yake kallo.

Na koma bayan kwana uku, ya ce hasken bai yi kyau ba. Na koma mako na gaba, ya ce akwai ƙurar kashin ɓera, za ta kama min ƙirji. Na ce, "Merle, shekara arba'in ina share rumbun hatsi, yau ne ɓera zai kashe ni?" Ya ce in sha gahawa. Na ƙi sha. Na fara lura da komai. In na shigo sai ya tsaya tsakanina da bangon. Wata rana na tarar yana waya da wani a kan katakon fiffike, da ya gan ni ya rage murya. Na ce shi ke nan, yana neman wanda zai kwaikwayi rubutunmu ne, ko kuwa zai ce min katakon ya ruɓe ya yanka shi kafin in gani. Kowa ya san zartonsa, wa zai tuhume shi? Kullum in na shiga, bayan ƙofa nake fara duba, ko akwai sabon garin katako a haƙoran zarton.

A coci na daina zama a layinsu. Matarsa Verna ta kawo min miyar kaza, na karɓa a bakin ƙofa ban ce ta shigo ba. Ina jin kunyar wannan har yau.

Ranar wata Laraba, da azahar, na jira ya tafi cin abinci a gari. Ba ya kulle rumfar da rana. Na shiga da wuƙar kicin ɗina, na yanke igiyar, na ja tamfol.

Abin da na fara gani ɗinkina ne. Ni bahaguwa ce, ƙullina juyawa yake ta baibai, Del ya sha yi min dariya a kai. Ga su nan a jere, ɗaruruwa, duk ta baibai. Na bi katakon da yatsa har na kai ga sunanmu. Del da Ardis. Fensir bai goge ba.

Taƙi ɗaya daga wurin, akwai tsaga da ta ratsa katakon kusan rabi. A ƙarƙashinta akwai wani rubutun, hannun Del ne, ya danna fensir har ya shiga itacen:

"Ya tsage. Kada kowa ya tashi da wannan. Na bugi turken shinge, na duba da ido na ce lafiya, na ɗauko Ardis a kansa mil casa'in. Yuli 1989."

Na tuna ranar. Mun sauka a makiyayar ƙanwata, bakin fiffike ya taɓa turke, na ji ƙum. Del ya fita ya girgiza fiffiken, ya yi dariya, ya ce turken ne ya ji jiki. Muka ci abinci, muka taso gida da yamma, ni har da gyangyaɗi a hanya. Ashe da muka dawo ya yanka yadin ya leƙa, ya ga abin da ya ɗauko ni a kai.

Ina zaune a ƙasa Merle ya shigo. Ya dubi igiyar, ya dubi wuƙar.

"Igiyar nan sabuwa ce fa," ya ce.

"Me ya sa ka ɓoye min?"

Ya jawo bokiti ya kifa ya zauna. "Ba nawa ba ne in nuna. Mutum ya riƙe abu shekara talatin da wani abu, ya tafi da shi. Ni ne zan tona masa?"

"To me ya hana ka yankawa? Ai da ka yanka ka ƙone, da ban sani ba."

"Na ɗauko zarton sau uku." Ya goge hannunsa da tsumma, ko da yake ba komai a hannun. "Sunanki ne a jiki, Ardis. In na yanka, na raba ki da abin da kika sayar da mota dominsa. In na nuna miki, na ci amanar Del. In na bar shi ɗaya, na karya dokata. Wayar da kika ji ina yi, sabon katako nake nema. Ban taɓa barin mataccen kaya ya kwana a rumfar nan ba. Wannan ya kwana ashirin da biyu."

Na ce, "Na ɗauka cutata kake yi."

"Na sani. Verna ta ce ko kwanon miyar ba ki dawo da shi ba."

Sai na yi dariya ina kuka. Ya ƙara da cewa 'ya'yan manomin sun faɗa masa Del ya sayar wa ubansu jirgin ne don injin kawai, da sharaɗin fukafukan ba za su sake hawa sama ba. Da Del ya kawo wa Merle fiffiken, sati biyu ya ishe shi ya sauya katakon. Amma kafin nan dole sai ya faɗi da bakinsa cewa ya duba fiffike da ido ya ɗora matarsa. Wannan ne ya kasa.

Na tashi na ɗauko zarton daga bayan ƙofa na miƙa masa. Na ce, "Dokarka doka ce. Ni zan riƙe." Ya auna da babban yatsa, ya yanka ta nan, ya yanka ta can, ya bar sunanmu da tsagar da rubutun Del a guntu ɗaya, tsawon hannuna. Sauran ya daddatsa shi ƙanana. Guntun yana kan tagar kicin ɗina, inda nake wanke-wanke.

Hunturu biyu muka yi a kan jirgin. Ni na sake ɗinkin, da tabarau wannan karon, yana bin kowane ƙulli da yatsa. Ya sa na warware goma sha ɗaya. Da za mu rufe fiffiken hagu na rubuta sunana a sabon katako, na miƙa masa fensir. Ya ce shi a littafin jirgi yake sa hannu, cikin fiffike na masu jirgi ne. Na ce to ba za a rufe ba. Muka tsaya muna kallon juna har gahawa ta huce. Ya rubuta, ƙanana ƙwarai, a can kusurwa.

A watan Mayun da ya wuce jirgin ya tashi. Clete ne ya tuƙa. Na zo da rigar sanyina zan hau, Merle ya tare ni, ya ce duk jirgin da ya gyara, shi ne ke fara zama a ciki. Na tsaya a ciyawa ina kallon tsoho mai shekara saba'in da ɗaya yana naɗe ƙafafunsa a kujerata. Sai da suka zaga sau uku suka sauka, ya sake shafa fiffiken hagu tun daga tushe har baki, sannan ya ce, "Hau."

Merle, kai ne wanda na zarga alhali nauyin mijina kake ɗauke da shi. Kai ne ka gwammace in ɗauke ka maƙaryaci da ka kunyata wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Mai zarton bayan ƙofa, mutane nawa ne a gundumar nan suka sauka lafiya suka tafi cin abincin dare, ba su san kai ne dalili ba? Ka dawo min da jirgi, na gode. Amma abin da ya fi, shekara talatin da wani abu ina zaton Del ya gaji da abin da muka ɗinka tare, ashe tsoron rasa ni ne ya sauko da shi ƙasa. Ba don ka kasa yanka katakon nan ba, da na mutu da wancan zaton.

Ku da za ku gaji rumfar, zarton zai bar muku shi a inda yake. Ku yi aiki da shi a ranar, kada ku ji kunyar kowa. Amma kafin ku ɗora shi a kan katako, ku juya shi ku duba ko akwai rubutun wani a jiki.

Verna, kwanonki yana wurina. Zan zo da shi ranar Asabar, kuma ba wofi ba.