Soron da Aka Hana wa Yaɓe

Kwanan baya motarmu ta tsaya a Kwanar Dangora ana neman cikon fasinja, sai iska ta kaɗo min ƙanshin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Na leƙa ta taga, na hango wani dattijo a bayan shaguna ya naɗe wando yana tattaka jar ƙasa, da alama rumbu zai gyara. Kai mai karatu, idan a gidan bulo aka haife ka, da wuya ka gane abin da ya sa hankalina bai dawo cikin motar ba har muka shiga Bebeji. Soron gidanmu na tuna.

Soro ne na ƙasa tun na kakan kakanmu, a bakin hanyar da ta ratsa tsohon gari. Ga zankwaye a samansa, ciki kuwa bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin ƙasa, shi ya tallafe rufin azara, babu ginshiƙi ko ɗaya. Da bazara, rana tana dukan ƙeya, kana shiga za ka ji sanyi kamar ka leƙa cikin randa.

Ban taso na tarar da kakanmu namiji ba. Soron yana hannun baffana, yayan mahaifina, kuma kowa a gidan ya san wasiyyar da aka bar masa: a tsaye ya karɓe shi, a tsaye zai miƙa wa na baya. Baffa mutum ne mai gudun rigima. Ko akuyar maƙwabci ce ta ci masa dawa, shi zai fara ba da haƙuri.

Duk shekara, idan hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai Baffa ya sa ranar yaɓe. Jakuna su yi ta jigilar ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa ta da ramno, wato busasshiyar ciyawa, a bar ta ta tsima. Mata su jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ruwansa ke hana bango shan ruwan sama. Ran aiki gayya ake yi, unguwa kaf ta fito. Mu yara namu tattaka ƙasa, manya suna curawa suna jefa wa na kan bango, su cafe ba ko kallo. Kaka, mahaifiyar su Baffa, tana gefe tana dama fura da nonon da matan ruga suka kawo, bakinta kuwa ba ya hutawa.

"Angona," takan ce min, "waɗannan ƙafafun naka kamar sillen kara, kai ke taka ƙasar ko ita ke taka ka?"

Shafar ƙarshe ta Baffa ce, da tafin hannunsa. Har wata bazarar kana ganin sawun yatsunsa a jikin bangon. Wallahi ina kewar wannan rana fiye da ranar Salla.

Ina sakandare wasu mutane suka zo daga Kano a motar hukuma. Suka zagaya soron, suka auna, suka ɗauki hotuna, suna ta jinjina kai. Suka ce wannan kayan tarihi ne, doka ta kare shi: ba mai rushe shi, ba kuma mai gyara ko da tafin hannu ne sai da izininsu, za su turo masana. Baffa ya yanka musu zakara. Mu kuwa a makaranta har kanmu ya fi ƙarfin hula, gidanmu ya shiga tarihi.

Bazara ta zo, hadari ya leƙo, Baffa bai sa rana ba. Shi ɗan fari ne, Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba saboda kunya. Ni ta aika.

"Je ka gaya wa mutumin can, ɗakin ƙasa hannu yake ci. Ranar da aka daina shafa shi, ranar ya fara mutuwa."

Na je na faɗa. Baffa ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Ka ce mata ta yi haƙuri, hukuma ta ce a jira."

Ba zama ya yi ba, a gaskiya. Ya sha hawa mota zuwa Kano, wannan ofis ya tura shi wancan, a ce ya dawo wani makon. Damina ta wuce, wata ta biyo ta. Makuba ta wanke, zankwaye suka zaizaye, tsaga ta sauko daga gindin indararo. Kaka ta rasu a tsakanin nan, kuma na sha gode wa Allah da bai nuna mata sauran ba. Wata la'asar cikin marka, gefe guda na rufin ya zauna. Allah ya tsare, ba kowa a ciki.

Sai ga wasu ma'aikatan daban da jan fenti. Suka ce ginin barazana ne ga masu wucewa, ga shi dama za a faɗaɗa hanya. Baffa ya ba su labarin masu tarihin da suka zo da farko, suka ce su ba su san zancen ba. Ranar da katafila ta zo, Baffa ya saɓa fartanya ya tafi gona, alhali ya riga ya gama noma.

Yanzu jerin shaguna ne a wurin, bulo da kwano, ana sayar da taki da cajar waya. Ba na zaginsu, 'ya'yan gidan ne a ciki suna neman abinci, hanyar ma ta yi amfani. Amma duk lokacin da na ji ana muhawara a rediyo kan ganuwa da tsofaffin ƙofofin birni, wai a ƙara tsaurara doka, sai raina ya sosu. Doka tana iya riƙe hannun mai rusau, amma ba ta iya kwaɓa ƙasa ba.

Baffa yana nan da ransa, ido ya yi rauni. Bara da ya kwanta ciwo ya sa aka kira ni, don ni ne babba a cikin 'ya'yan gidan. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Lokacin miƙawa ya zo," ya ce, "ga shi ba ni da abin miƙa maka."

Na ce, "Baffa, ai ba laifinka ba ne, umarni ka bi."

Ya girgiza kai. "Da idona na ga hadarin nan. Ga ƙasa, ga hannu, na tsaya jiran izini."