Ranar da Inna Ta Zo Ɗaukata

Har yau in na ji ƙamshin sabulun kanti, Inna nake tunawa, domin da ƙamshin nan take shigowa gidanmu a Dogon Dutsi, da shi kuma take fita.

Babana ya rasu ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Sai Inna ta kama aikin raino a gidan wani Bature mai haƙa rijiyoyi, mutumin da aikinsa bai san zama ba. Bana Yamai, baɗi Bamako, in zafi ya tsananta shi da matarsa Madam su hau jirgi sai Faransa. Duk inda suka nufa, Inna na biye, goye da ƴarsu. Ni kuwa aka bar ni wurin kaka.

Ko ta zo ganin gida ba ta zama. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta leƙa hanya. Fura ma kurɓi biyu take yi ta ajiye. Kaka takan ce doguwa ce ta shiga ƙafarta.

Wata bazara, ana sharar gonaki, ina da shekara takwas, sai ga ta a motar Baturen. Ƴar tasu na riƙe da zanenta, tana ce mata "mama". Na laɓe bayan rumbu ina kallon yarinyar.

Inna ta durƙusa gaban kaka. "Abijan za mu. Madam ta yarda in tahi da ɗiyata, a sa ta lakwal, ta yi karatun boko."

"Ga ta nan," in ji kaka. "Tambaye ta."

Wallahi ina son zuwa. Tun yaushe nake mafarkin jirgi! Amma da na dubi farin hannun nan a kan zanen uwata, sai na ce, "Ba ni zuwa. Ai kina da ɗiya."

Inna ta matso kusa da ni. Ta gyara mini ɗankwali, ta shiga mota. Sai da suka yi nisa na fasa kuka, na bi su a guje har bakin kasuwa. Shekara huɗu ban sake ganinta ba.

Da Turawan suka koma ƙasarsu ta dawo, ta tsufa a hannuna. Ba mu taɓa tada zancen ba, ni da ita, har ta koma ga Allah.

Yanzu ina ganin yaran unguwarmu suna faɗa da iyayensu na ƙasashen waje ta waya da safe, kafin la'asar sun shirya. Mu a zamaninmu, in ka furta magana mota ta tashi, to ta tafi da ita ke nan.