Gidan Dutse na Su Hindatu

Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar salla, ina 'yar shekara tara, Baba ya kwashe mu a tasinsa daga unguwarmu Tremont da ke Bronx, a Amurka, muka nufi Kingston, wani ƙaramin gari a bakin kogin Hudson, inda Kawu Salisu, ƙanen mahaifiyata, ya samu aiki a gidan kula da tsofaffi. Muna tsayawa na hango 'yarsa Hindatu, sa'ata, zaune a dakalin wani gida na dutse tana cin tuffa, Turawa uku suna ɗaukar gidan hoto da ita a ciki. Bara waccan fa tare muke wasan carafke a barandar benenmu.

Saman gidan kawai Kawu yake haya, amma Hindatu ba ta faɗin haka. Ta ja hannuna ta zagaya da ni tana cewa "gidanmu". Turawan Holan ne suka gina shi, in ji ta, tun ƙasar ba ta zama Amurka ba, kuma lokacin yaƙin 'yanci sojojin Ingila sun cinna wa garin wuta, katako ya cinye, dutse ya tsaya. Ta nuna mini murhun da mu biyu muka shige cikinsa muka zauna, da bangon da kaurinsa ya fi tsawon hannuna, da ɗakin ƙasa mai sanyi inda mahaifiyarta take ajiye albasa da doya. A makarantarsu ma, wai malama kan fito da 'yan aji su zo kallon gidan, ita ce mai buɗe musu ƙofa. Mu kuwa a hawa na biyar muke, tagarmu tana kallon tsanin ƙarfe na gudun gobara, in muka yi tsalle maƙwabcin ƙasa ya dinga dukan silin da sandar tsintsiya.

Sati guda aka bar ni a can. Da safe mu share ganyen tsakar gida, mu tsinci tuffar da ta zubo, da yamma mu yi 'yar ɓuya a tsohuwar maƙabartar cocin garin, ita tana karanta sunayen da ke kan duwatsu kamar na danginta. Komai ta nuna mini sai in taɓe baki in ce namu na Bronx ya fi, alhali ko ƙarar da katakon daɓensu yake yi so nake a ce tawa ce.

Da iyayena suka dawo ɗaukata, na riƙe rigar Kawu na ce a bar ni in yi makaranta a nan. Kawu ya yi dariya ya ce wa Mama, "Yaya, ki bar mini ita mana, su zama biyu." Mama ko zama ba ta yi ba. "Garin da ba Islamiyya? Bilki, ɗauko takalminki." Na yi kuka har muka hau babban titi, sannan ta waiwayo ta ce, "Zanen aro ba ya rufe katara. Haya suke, kamar mu." Ban saurare ta ba, na dai daina amsa wayar Hindatu har ƙanƙara ta sauka.

Yau Hindatu tana can, ta yi aure a garin, kuma duk salla tana turo mini hoton 'ya'yanta a wannan dakali, ko da yake wasu ne a gidan yanzu. Ina cewa masha Allah, ina kuma daɗewa ina kallo. Ginin da na girma a cikinsa an rushe shi, an yi wurin ajiye motoci. Kwanaki na kai 'yata in nuna mata, na tsaya ina ta nuni da yatsa sama, ina ce mata ga ɗakinmu can, ga inda kakarki take girki. Ta ɗaga kai ta duba, ba komai sai tantabaru.

Ita Hindatu tana da inda za ta dafa da hannu ta ce nan ne.