Yadda Wuyan Kawu Ya Ci Kujerar Hukuma

Kawuna gyaran sikeli yake yi a bakin kasuwa, a wata rumfa da ba ta ɗaukar mutum biyu. Shekara shida ke nan wuyansa na rawa: kansa na gyaɗawa sama da ƙasa ba dare ba rana, ko zaginsa kake yi sai ka rantse ya yarda.

Hukumar da ke sa ido kan asibitocin jiha kujera tara gare ta. Likitoci su zaɓi uku, ma'aikatan jinya biyu, gwamna ya naɗa uku, ta tara kuma a ba talaka bayan ganawa. Kawu ya cike takarda don ya ji za a rufe ƙaramin asibitin unguwarmu, inda matarsa, Inna, ke karɓar maganin hawan jini. Ƙafafunta ba za su kai ta babban asibiti ba.

Ranar ganawa mutum goma sha ɗaya suka zo, kowa da bakinsa. Wani malamin makaranta har da takardar ƙorafi shafi huɗu, oho dai! Da aka kira Kawu, shugaban hukumar ya yi ta zuba bayani, kan Kawu na ta aikinsa. Shugaba ya raɗa wa sakatare, "Ga dattijon kirki, ba ya musu." Aka ba shi kujerar. Wallahi na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Zaman farko aka kawo maganar rufewar. Huɗu suka ce a rufe, huɗu suka ƙi. Shugaba ya dubi Kawu ya washe baki.

"Sakatare, rubuta biyar. Baba ya amince."

"Wane Baban?" in ji Kawu. "Ranka ya daɗe, wuyana ne ya ce i, ni ban ce ba. Rubuta a'a, yaro, da manyan baƙi."

Da haka asibitinmu ya tsira. Shugaba ya laluba littafin doka, ya tarar ba a cire memba sai bayan shekara huɗu.

Washegari Kawu ya raka Inna karɓar magani, ma'aikaciyar jinya ta taso da gudu. "Matar manya! Shigo gaba mana."

Kawu ya riƙo mayafinta. "Ina! Koma layi."

Ita ce ta goma sha huɗu. Ta zauna a benci tana mita, wai auren ɗan hukuma bai tsinana mata komai ba, har aka kira lambarta ta shiga.