Na Kai Goggo Douala Neman Sunan Mahaifinta

Ana kiran sallar asuba muka bar Ngaundare, ni da goggona. Ta haura tamanin, kuma buri ɗaya ya fito da ita. Tana goye aka ɗauki mahaifinta soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga jirgin ruwa a Douala, bai dawo ba. An ce mata akwai dutsen da aka rubuta sunayen matattun yaƙi a can.

Hanyar doguwa ce, har kwana muka yi. Ciyayi suka koma daji mai duhu, hazo kwance a kan itatuwa. Goggo tana gyangyaɗi, ta farka ta tambaya ko mun iso teku.

Mun sauka wurin dangi a unguwar New Bell. Lunguna a matse, iska a jiƙe, ƙamshin gasasshen kifi da tsire ko'ina. Hausarsu rabi Faransanci ce, Goggo ta ce sai dai ta bi su da "to". Rogon da ake naɗewa a ganye kuwa, ta sunsuna ta ture.

Washegari ana yayyafi ɗan masaukinmu, ma'aikacin ofis, ya kai mu Bonanjo, unguwar da dutsen yake. Ya karanta rubutun dutsen.

"Goggo, wannan na yaƙin farko ne," in ji shi. "Faransawa suka kafa wa sojojinsu, lokacin da suka karɓe ƙasar nan daga Jamus. Babu sunan Kaka."

"To, mu namu ina aka rubuta su?" in ji Goggo.

Ta daɗe tana shafa dutsen, sannan ta ce duk wanda aka kafa wa dutsen nan ma ɗan wata ne, ta yi masa addu'a.

Daga nan ta sa aka kai ta bakin kogin Wouri, inda jiragen ruwa ke tsayawa. Ruwa da sama sun haɗe, jiragen kamar a iska suke rataye. Ta kira sunan mahaifinta da ƙarfi, ta ce, "Baba, ni ce. Na girma."

Mun dawo gida lafiya. Tafiyar ta nuna min cewa masu rai ake gina wa irin dutsen nan, don su sami wurin tsayawa su yi kuka. Goggo ba ta sami nata ba, sai ta tsaya inda mahaifinta ya taka na ƙarshe.