Ƴaƴan Gauraka a Kwarin Dumega

Makon jiya na ji kukan gauraka a Yamai, a gidan wani babban mutum da ya gayyace ni cin abinci. Na leƙa tsakar gida, sai ga ta tana taka siminti, fiffike ɗaya yana jan ƙasa. Mai gidan ya yi murmushi ya ce, "Irin ta garinku ce, Alhaji." Na ajiye lomar da ke hannuna. Bari in gaya maka dalili.

Mu a Dumega ba mu da gulbi irin na Yamai. Namu ruwan damina ne, ya cika kwari ya yi ta gudu tsakanin giginyu har kaka. Can gauraka biyu suke zuwa kowace shekara su yi sheƙa cikin ciyawa. Da sun ƙyanƙyashe, kakana yakan kafa sanda ya ɗaura mata jan tsumma. Daga sandar zuwa bakin ruwa ba a yankan ciyawa, ba a shayar da dabba, sai ranar da ƴaƴan suka tashi sama. Fulanin bayan tudu, masu ce wa gauraka kumarewal, sukan zagaya da shanunsu nesa, kuma ban taɓa jin ƙorafinsu ba.

Ni aka ba aikin dubawa, in kawo labari ranar da suka tashi. Kullum da hantsi ina kwance gindin giginya, warin laka a hancina. Iyayen su riƙa buga ƙafa cikin ciyawa, fara ta yi tsalle, ƴaƴan biyu su cafke. Da gero ya fara nuna sai koyon tashi: uban ya sheƙa da gudu ya ɗaga, su bi shi, su faɗa taɓo, ya dawo ya sake nuna musu. Bai gaji ba ko sau ɗaya.

Wata shekara ƙanen babana ya dawo daga kurmi da rediyo da sababbin dabaru. Ya zaunar da ni yana tambaya: ina suke kiwo, wane lokaci? Na zayyana masa komai, ina murna babba ya saurare ni.

Bayan kwana biyu ya shiga kwarin da raga da kwando, ya wuce sandar kamar karan dawa. Lokacin ƴaƴan suna iya tsallake ciyawa, saura kwanaki su ɗaga. Uwar ta riƙa jan fiffike a gabansa kamar ta ji rauni, don ya bi ta ya bar su. Bai ko dube ta ba. A idona ya karya musu fiffike a gaɓa, saboda wani attajiri a hayin iyaka yana son su yi masa ado a gida.

Kakana ya tare shi a ƙofa. "Kai, ba ka ga sanda ba?"

"Baba, tsuntsayen daji na fa, ba su da mai su."

"Don ba su da kowa anka kafa ta."

Kwana uku iyayen suna kewaya kwarin suna kuka. Fulani suka zo tambaya ko a fara shayarwa, kakana ya ce ƴaƴan ba su tashi ba, shi ba ya cire sanda. Nan ta tsaya har gara ta cinye ta. Gauraki ba su sake zuwa ba.

Na yi yawo. Na ga ƙasar da ta sa gauraka a tutarta, na ga Turawa suna tsayuwa wuni guda don su hango ta daga nesa. Mu kuwa sai mun karya ta sannan mu ce tana da kyau. Yau jikokina ba su san kukanta ba.

Ran nan a Yamai na wanke hannu, na ce wa mai gidan, "Ba irin ta garinmu ba ce. Tamu tashi take yi."